Motocin da ke ratsa gini a cikin kwamfuta

Akwai wani fili da babu shi a ko'ina a duniya, amma ɗaruruwan takardun bincike a kansa aka yi su. Tsawonsa mita 1500, faɗinsa mita 300, shimfiɗe yake ba tudu ba kwari, ba gini ba bishiya ba titi. A ciki an zuba na'urori guda 50, kowacce rediyonta na kaiwa mita 250 ta kowace kusurwa, sai a sake su su yi ta yawo har daƙiƙa 900, minti 15 kenan, a ƙarshe a ƙirga saƙo nawa ya isa, nawa ya salwanta a hanya. A 1998 wasu masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, su Josh Broch da David Maltz da David Johnson da abokan aikinsu, suka zana wannan fili a manhajar gwaji ta ns-2 don su kara ƙa'idoji huɗu na isar da saƙo da juna, DSDV da TORA da DSR da AODV. Aikin ya yi kyau a zamaninsa, ba wanda zai ce bai yi ba. Abin da ya biyo baya ne matsalar, don kowa sai ya ɗauki filin nan ya mai da shi ma'auni, har da masu binciken motoci a titi.

To bari mu koma baya kaɗan don wanda bai san harkar ba. Wayar da ke hannunka in za ta kira ta maƙwabcinka da ke bayan katanga, sai ta fara zuwa ƙarfen sabis, daga can a juyo da kiran. In ƙarfen ya mutu ko an kashe shi, shikenan, ko kuna kallon juna wayoyinku ba su san da juna ba. Akwai wani reshe na bincike da ya ce me zai hana na'urorin su riƙa magana da junansu kai tsaye, wadda ta yi nisa kuma a miƙa mata saƙo ta hannun na tsakiya, zango-zango har ya isa? Sojojin Amurka ne suka fara zuba kuɗi a wannan tun shekarun 1970 ta hukumarsu ta bincike DARPA, dalilinsu a bayyane yake, ba wanda zai kafa maka ƙarfen sabis a fagen daga. Irin wannan netwok shi ake kira MANET, in kuma na'urorin a jikin motoci suke sai a ce VANET, kowace na'ura a ciki kuma masana na ce mata nod.

Da a ce na'urorin a tsaye suke da abin bai da wuya, a nemo hanya sau ɗaya a rubuta a ajiye. Amma suna tafiya. Hanyar da ka samo yanzu ta bi ta na'ura ta uku da ta bakwai da ta goma sha biyu, nan da ɗan lokaci ta bakwai ta yi gaba ta fita daga inda rediyon ta uku ke kaiwa, hanya ta yanke, sai an sake cigiya. Ita kuma cigiyar ba kyauta ba ce, yawancin ƙa'idojin nan shela suke yi, kowa ya ji ya maimaita wa na kusa da shi, in na'urorin suna da yawa a wuri ɗaya sai shelar ta cika iska saƙonni su riƙa karo da juna, ainihin saƙon da ake son aikawa ya rasa wurin wucewa. Wasu masu bincike a Taiwan sun yi bayanin wannan guguwar shela tun 1999. Ka ga kenan komai ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, yaya na'urorin ke motsi? Da wane gudu, ina suka nufa, tare suke tafiya ko kowa ta kansa, ina suke tsayawa? In ka amsa wannan ba daidai ba, duk lissafin da ka ɗora a kai ya tashi a banza komai kyan jadawalinka.

Amsar da aka fi amfani da ita sunanta Random Waypoint, Johnson da Maltz ne suka kawo ta a 1996. Sauƙinta ne ya sa ta yi kasuwa. Kowace na'ura za ta zaɓi wani wuri a filin da ka, kamar an jefa ƙuri'a, ta zaɓi gudu tsakanin sifili da mita 20 a daƙiƙa shi ma da ka, ta miƙe sambal har ta isa, ta ɗan huta, ta sake zaɓen wani wurin. Layi kaɗan ne a rubuce, ɗalibi zai iya haɗa shi a zama ɗaya. An shekara bakwai ana amfani da shi kafin wasu mutum uku a jami'ar Michigan, Jungkeun Yoon da Mingyan Liu da Brian Noble, su fito a 2003 su ce jama'a, na'urorin nan naku fa a hankali tsayawa suke yi.

Wannan wurin ina son a tsaya a gane shi, don abin dariya ne kuma abin takaici. Kowa zai ɗauka in ana zaɓen gudu tsakanin 0 da 20, matsakaici 10 ne, ko ba haka ba? To ba haka ba ne. Ɗauki tafiyar mita 1000. Na'urar da ta ci sa'a ta zaɓi gudun 20, daƙiƙa 50 ta isa, ta sake jefa ƙuri'a. Wadda ta zaɓi 0.1 kuwa sai ta yi daƙiƙa 10,000 tana jan ƙafa a wannan tafiya ɗaya, alhali gwajin gaba ɗaya 900 ne. Masu gudu suna gamawa da wuri suna sake zaɓe, kuma duk sake zaɓe akwai yiwuwar su ma su faɗa cikin ƙaramin gudu, wanda ya faɗa kuma ya maƙale ba fita. Da tafiya ta yi tafiya sai ka ga yawancin na'urorin sun koma rarrafe, matsakaicin gudun yana ta sauka ba ya tsayawa a ko'ina. Ma'ana mai binciken da ya rubuta cewa ya gwada ƙa'idarsa a netwok mai saurin motsi, in ya bar gwajin ya daɗe, kusan netwok a tsaye ya gwada, kuma ƙa'idarsa za ta yi ta ƙara kyau ba don ta iya ba sai don aikin ya yi sauƙi. Maganin farko shi ne kar a bar ƙaramin gudu ya zama sifili. Amma ko an sa daga 1 zuwa 20 kuma ba hutu, in ka lissafa da kyau matsakaicin gudun da za ka tarar a filin kusan 6.3 ne, ba 10.5 da mutum zai zata ba.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. A wannan shekarar dai Christian Bettstetter da Giovanni Resta da Paolo Santi suka nuna da lissafi cewa na'urorin ba sa bazuwa daidai a filin, tsakiya suke taruwa, don duk wanda zai tashi daga wannan gefe zuwa wancan kusan dole ya ratsa ta tsakiya, lungunan filin kuma su zauna fayau. To inda aka taru ai samun hanya ba ya wuya. A 2005 kuma Jean-Yves Le Boudec na jami'ar EPFL a Suwizalan da Milan Vojnovic suka tsara yadda za a fara gwaji daga daidaitaccen yanayi tun daƙiƙar farko, ba sai an zubar da farkon sakamako ana fatan ya daidaita ba.

Amma ni a ganina duk wannan gyaran lissafi ne, babbar cutar na nan. Ko ka gyara Random Waypoint ya zama tsaf, wa ke tafiya haka? Wane mutum ne zai tashi da safe ya jefa ƙuri'a a taswirar gari ya miƙe ya ratsa gidajen mutane da masallaci da kududdufi? Wata tawaga a jami'ar Kudancin Kalifoniya, Fan Bai da Narayanan Sadagopan da Ahmed Helmy, ta gwada ƙa'idojin nan a 2003 da salon motsi iri-iri, na ƙuri'a, na rukuni inda ake bin jagora kamar yadda sojoji ke yi, na babbar hanya, da na titunan gari masu layi-layi, sai suka ga jerin gwanaye yana canzawa, ƙa'idar da ta zo ta ɗaya a wannan salon ba lallai ta zo ta ɗaya a wancan ba. Wannan magana ce babba in ka yi tunani, don tana nufin jumlar nan da ake yawan gani a ƙarshen takardu, wai ƙa'idarmu ta fi AODV da kashi kaza, ba ta da ma'ana sai an faɗi a wane irin motsi.

Sai kuma aka zo kan su kansu masu binciken. A 2005 Stuart Kurkowski da Tracy Camp da Michael Colagrosso suka zauna suka bi takardun da aka gabatar a taron MobiHoc daga 2000 zuwa 2005, ɗaya daga cikin manyan tarukan fannin, takardu 151, guda 114 a ciki gwajin kwamfuta ne, kuma suka ce waɗanda wani zai iya maimaita gwajinsu ya tabbatar ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Wasu ko sunan manhajar da suka yi aiki da ita ba su faɗa ba. Su David Kotz na jami'ar Dartmouth su ma sun jero abubuwan da ake ɗauka gaskiya ne alhali ba haka suke ba, wai duniya shimfiɗe take, wai zangon rediyo da'ira ce cif, wai in ina jin ka dole kai ma kana ji na. Duk wanda ya taɓa yawo a tsakar gida da waya sama yana neman sabis ya san ƙarya ne.

Mu zo kan motoci, don a nan ne abin ya fi fitowa fili. Mota ba ta da zaɓi, titi ne ya tsara mata inda za ta bi, kuma motar gabanta ce ke tsara mata gudu. Ɗauki motoci biyu a babbar hanya kowacce na gudun kilomita 100 a awa, rediyonsu na kaiwa mita 300. In gaba da gaba suke, wannan na zuwa wancan na dawowa, tazarar da za su ji juna mita 600 ce kuma suna cinye kusan mita 56 duk daƙiƙa, kenan daƙiƙa 11 suke da ita su gaisa su miƙa abin da za su miƙa. In kuwa hanya ɗaya suka nufa kuma bambancin gudunsu kilomita 10 ne kacal, za su fi minti uku da rabi suna tare. Mota ɗaya ce, gudu ɗaya, rediyo ɗaya, amma maƙwabtanta iri biyu ne da ba su da alaƙa, kuma ƙa'idar da ba ta bambance su ba za ta riƙa ɗora saƙo a hanyar da za ta yanke kafin a gama magana. Salon ƙuri'a bai san da wannan ba sam.

A cikin gari kuma danja ce ke mulki. Ta ba da ja motoci sun taru tsibi guda kowa na jin kowa har iska ta cushe, ta ba da kore sun watse, tsakanin wannan tsibin da na gaba akwai gibi da ba mota ko ɗaya da za ta miƙa saƙo. Ga gine-gine, a mitar rediyo ta 5.9 GHz da aka ware wa motoci bene ɗaya a kan kwana ya isa ya raba motoci biyu da tazararsu ba ta kai mita 50 ba, kai ko tirela ce ta shiga tsakani siginal ya ragu. Kuma abin haushin shi ne daidai kwanar da direbobi ba sa ganin juna, inda aka fi buƙatar gargaɗin, nan ne rediyon ma ya fi wahala.

Shi ya sa masu binciken netwok dole suka je suka durƙusa wa injiniyoyin zirga-zirga, mutanen da suka daɗe suna nazarin yadda direba ke bin na gabansa. Su suna da lissafinsu, irin na Stefan Krauss na 1998 da IDM na su Martin Treiber na 2000, wanda ke faɗin yadda direba ke taka mai ko birki gwargwadon tazara da gudun motar gaba. Akwai wani gwaji da aka yi a Japan aka wallafa a 2008 da nake so ƙwarai, aka sa motoci 22 a da'ira mai kewayen mita 230 aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30, ba danja ba hatsari ba rami, amma ba a jima ba gosulo ya haɗu da kansa, wani ya ɗan taɓa birki na bayansa ya ƙara na bayansa ya tsaya cak, cunkoson kuma ya riƙa komawa baya yana cin motoci ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan taruwa da watsewa ita ke yanke hukuncin ko saƙo zai wuce. Cibiyar DLR ta Jamus ta fara gina manhajar SUMO a 2001, kyauta ce, kana ɗauko taswirar gari ka zuba motoci da danjoji su yi tafiya irin ta gaske. Daga baya Christoph Sommer da abokan aikinsa suka haɗa ta da manhajar gwajin netwok ta OMNeT++ a abin da suka kira Veins, saboda sun lura da wani abu da aka daɗe ana tsallakewa, saƙon ma yana canza motsin. In mota ta sami labarin hatsari a gaba ta sauya hanya, to taswirar netwok ɗin ta canza kenan saboda saƙon da netwok ɗin ya kai, ba za ka iya naɗe motsin tun farko ka kunna shi kamar kaset ba.

Sandesh Uppoor da Marco Fiore sun gina zirga-zirgar birnin Cologne na Jamus ta awa 24, faɗin murabba'in kilomita 400, tafiye-tafiye sama da 700,000. Da aka duba wane irin netwok motocin za su iya haɗawa sai aka ga ba wata ƙatuwar saƙa ɗaya da ta rufe gari kamar yadda ake mafarki, tsibi-tsibi ne da ke haɗuwa suna rabuwa, lokacin fita aiki da tashi ya fi dama a tsakiyar gari, sauran lokuta da bayan gari kuwa motoci da yawa su kaɗai suke. Kuma wannan fa in an ɗauka kowace mota na da na'urar.

A nan ne siyasa da kasuwa suka shigo. Tun 1999 hukumar sadarwar Amurka FCC ta ware wani yanki na mitar rediyo, 75 MHz a 5.9 GHz, don motoci, ƙa'idar 802.11p da motocin za su yi magana da ita ba ta kammala ba sai 2010, tsarin shi ne kowace mota ta riƙa shelar inda take da gudunta da inda ta dosa har sau goma a daƙiƙa, wanda a gudun kilomita 100 duk ƙasa da mita uku kenan ta sake magana. An yi babban gwaji a garin Ann Arbor daga 2012 da motoci kusan 2,800. Cadillac ta sa a motarta CTS a 2017, Volkswagen ta sa irin ta Turai a motarta Golf 8 a 2019. Amma lissafin mai sauƙi ne kuma mugu ne, in kashi 10 cikin ɗari na motoci ne ke da na'urar, damar a ce motoci biyun da ke shirin karo duka suna da ita kashi 1 ne tak, to wa zai fara biyan kuɗin abin da ba zai amfane shi ba sai maƙwabcinsa ya saya? Ana cikin wannan jan ƙafa kamfanonin wayar salula suka fito da tasu fasahar C-V2X a 2017, aka rabu gida biyu, a Nuwamban 2020 FCC ta gaji ta ƙwace 45 MHz ta ba Wi-Fi, ragowar 30 ɗin ta ce na C-V2X ne. Shekara ashirin ana rubuta takardu a kan titi cike da motoci masu magana, titin bai zo ba.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda ni ta fi burge ni, don duk abin da na faɗa a sama yana ɗaukar motsi a matsayin abokin gaba. A 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar suka kawo lissafi mai karya gwiwa, cewa a netwok na na'urori a tsaye masu miƙa wa juna saƙo, yawan na'urori na ƙaruwa rabon saƙon da kowacce za ta iya aikawa na raguwa, don yawancin ƙarfinta a dakon saƙon wasu yake ƙarewa. Shekara guda bayan nan Matthias Grossglauser da David Tse suka ce to in suna yawo fa? Maimakon saƙo ya bi zango ashirin, ka ba wanda ya zo kusa da kai ya riƙe, ya yi ta yawonsa, ranar da ya haɗu da mai saƙon ya miƙa masa, zango biyu kacal, kuma a lissafinsu rabon kowa ba ya raguwa komai yawan jama'a. Abin da za ka biya shi ne jira, saƙon zai iya daɗewa sosai. Daga irin wannan tunani aka sami netwok mai haƙurin jinkiri, DTN, ajiye ka ɗauka ka miƙa. Jami'ar Princeton ta rataya wa jakunan dawa abin wuya mai GPS a tsakiyar Kenya a 2004, dabbobin na musayar bayanai in sun haɗu, mai bincike ya zo da mota ya kwashi na da yawa daga jikin kaɗan. A Indiya tsarin DakNet ya ɗora na'urar Wi-Fi a motar bas, ta biyo ƙauye ta kwashi imel ta kai gari ta dawo da amsa, a Kambodiya babura aka yi amfani da su. A Amherst ta Amurka an yi da bas-bas kusan 40.

Mu wannan ba sai an yi mana dogon turanci ba. Lokacin da aka kashe sabis a Zamfara a Satumban 2021, aka biyo da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane komawa suka yi rubuta wasiƙa a kai tasha a ba direba, wasu kuma su yi tafiya mai nisa zuwa inda akwai sabis su kira su dawo da labari. Ajiye ka ɗauka ka miƙa kenan, da jini da tsoka. Haka waƙa ko wa'azi ko fim ke zaga gari ta Bluetooth da Xender ba tare da an taɓa data ba. Kuma duk wanda ya ba da saƙo a tasha ya san ba kowane direba ake ba ba, wanda kullum yake bin hanyar ake nema.

Wannan zaɓen shi ne ainihin abin da bincike ya koma kai, wa za ka ba? In ka ba kowa, yadda tsarin su Amin Vahdat na 2000 ke yi, saƙo zai isa da wuri amma ka cika wa jama'a waya ka shanye musu caji. In ka ba mutum ɗaya wataƙila ba zai taɓa haɗuwa da mai shi ba. Amsar tana wurin sanin yadda mutane ke yawo da gaske, sai aka fara bin sawu. A 2004 jami'ar MIT ta Amurka ta raba wa mutum kusan 100 waya Nokia 6600 ta bi su wata tara. A taron Infocom na 2005 a Miami masu bincike daga Cambridge da Intel suka ba mutum 41 ƙananan na'urorin Bluetooth su rataya, don a ga wa ke haɗuwa da wa kuma bayan wane lokaci suke sake haɗuwa, aka tarar dogon rabuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba a kan abin da salon ƙuri'a ke nunawa, wanda ke nufin jiran da aka lissafa a takardu an rage shi. A 2008 Marta González da César Hidalgo da Albert-László Barabási suka bi bayanan wayoyin mutum 100,000 na wata shida, sakamakon shi ne mutane 'yan wurare ƙalilan suke ta komawa, gida, wurin aiki, da wani wuri ɗaya ko biyu. Wani binciken na 2010 daga wannan tawaga ya ce a ƙa'ida ana iya hasashen inda mutum zai kasance har kashi 93 cikin ɗari. Ɗan Adam dai ba ƙuri'a yake jefawa ba.

To ina namu titunan a cikin wannan? Ka duba inda sanannun bayanan sawun nan suka fito, tasi kusan 500 na San Francisco na 2008, Cologne, Luxembourg, Beijing, Shanghai. Lissafin bin motar gaba da aka fi amfani da shi ya ɗauka akwai layi, kowa na cikin layinsa, mota ɗaya ce a gabanka ita kake kallo. Je ka tsaya a shataletale a Kano da yamma ka nemo min layin. Adaidaita uku sun jeru inda aka zana wa mota biyu, ɗaya ya tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, mai babur ya kutsa ta tsakani, mai kura na gefe, ranar Juma'a titi guda ya rufe, ranar kasuwa ƙauyen da jiya ba kowa ya cika maƙil. Masu bincike a Indiya sun daɗe suna fama da irin wannan cakuɗaɗɗiyar zirga-zirga, SUMO ma yanzu tana da tsarin da ke barin ƙananan ababen hawa su raba layi ɗaya, kenan kayan aikin na nan, ƙidaya da awo ne babu mai yi. Amma har gobe za ka ga aikin digiri na biyu a kan VANET, an buɗe ns-2 an zuba motoci 50 a fili mai kusurwa huɗu suna yawon ƙuri'a, an kara ƙa'idojin AODV da DSR da wata mai suna OLSR an fitar da jadawali an ce wannan ya fi dacewa da titunan Najeriya. Ban ga laifin ɗalibi sosai ba, abin da ya tarar ana karɓa ya yi, kuma ba a ba shi ko sisi na fita fili ba. Sai dai wallahi da zai sami masu adaidaita ashirin su yarda a sa musu waya mai GPS na wata guda, ya tsaftace bayanan ya bayyana yadda ya tattara su, da abin da ya samar ya fi jadawalin nan amfani sau nawa, don aƙalla ya kawo abin da wani a Jamus ba shi da shi. Kuma wayar hannun direba da fasinja ita ce na'urar da ke kan titinmu yanzu, ba akwatin 5.9 GHz da ko a Amurka bai yaɗu ba.

Sai dai kar a ɗauka bin sawun nan abu ne mai sauƙi a wajen haƙƙin mutane, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a inda ake satar mutane don kuɗin fansa. Wancan halin namu na komawa wurare ƙalilan, shi ne kuma ke tona mu. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka duba bayanan mutum miliyan 1.5 da aka cire wa suna, suka ga sanin wuri huɗu da lokacinsu ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari daga cikin taron. A 2014 birnin New York ya saki bayanan tafiye-tafiyen tasi miliyan 173 an ce an ɓoye lambobin motocin, wani injiniyan manhaja ya warware ɓoyon cikin ɗan lokaci saboda an yi shi da sakaci. Motar da ke shelar inda take sau goma a daƙiƙa kuwa ta fi haka hatsari, shi ya sa tsarin Amurka da na Turai duka suka tanadi cewa ta riƙa canza lambar shaidarta lokaci-lokaci. Amma nan ma motsin ne ke yanke hukunci, in ka canza lamba kai kaɗai a kan hanya ba ka ɓoye komai ba, mai saurare zai ga wata lamba ta ɓace a nan wata ta bayyana mita uku gaba da gudu ɗaya ta nufi hanya ɗaya. Sai a cikin cunkoso, a mahaɗar tituna inda motoci da yawa za su canza tare su rabu, dabarar ke aiki, wasu ma sun ba da shawarar motar ta ɗan yi shiru kafin ta dawo da sabuwar lamba, wanda ke nufin za ta yi shiru a mahaɗa, wurin da aka fi yin karo.